Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu ɗaukar ma'aikata a Maraɗi kan zanen jiki da abin da ake kira kamala

Zuwa ga shugabannin kamfanoni, bankuna, otel-otel, asibitocin kuɗi, makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar Maraɗi, tare da ofishin sufeton ƙwadago na jiha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu da muka haɗu muka rubuta wannan takarda, sana'o'inmu duk a kan fata suke ko kusa da ita. Akwai ma'aikatan jinya masu wankin ƙuna da gyambo, akwai wanzamai, akwai mata masu ƙunshi, akwai kuma waɗanda suka daɗe suna riƙe da takardun ma'aikata a ofisoshi. Magana ɗaya ce ta tara mu. A wuraren aiki da dama a garin nan ana mayar da mai neman aiki, ko a janye ma'aikaci daga gaban jama'a a tura shi sito, saboda wani abu da aka gani a fatarsa. Ba a faɗa masa gaskiyar dalili. Sai a ce ba ya da kamala, ko a ce za a kira shi. Dokar da aka hukunta shi da ita ba ta rubuce a ko'ina, tana cikin kan mai ɗaukar aiki kawai. Roƙonmu shi ne ku rubuta ta, amma kafin ku rubuta ku san mene ne kuke hukuntawa, domin abubuwa daban-daban ne ake zubawa cikin ƙwarya ɗaya a kira su zane.

Mu fara da askar gado, tunda Maraɗi muke. Garin nan da Tsibiri mazaunin sarautun Katsina da Gobir ne, kuma duk wanda ya shiga babbar kasuwa zai ga fuskoki masu askar Gobirawa, wadda ke tashi daga gefen baki ta bazu zuwa wajen kunne, zai ga bille, zai ga fashin goshi, zai ga ƴan baka. Wanzami ne ya yi su da askarsa, galibi mai su yana jariri, kwanaki kaɗan da haihuwa. Bai zaɓa ba, ba zai iya gogewa ba. A kusa da wannan akwai jarfa, kwalliyar mata da ake tsagawa a cusa baƙi, da zanen fuskar Fulani Bororo na wajen Barmo da Dakwaro. Sannan akwai tabon magani: shaidar ƙaho a ƙeya ko gadon baya, tsagar da aka yi wa yaro a goshi ko a ciki lokacin wata rashin lafiya, da tabon sakiya. Duk waɗannan suna nuna daga inda mutum ya fito ne, da irin gidan da ya tashi. Wanda ya ƙi ɗaukar yarinya a teburin karɓar baƙi saboda jarfa ko aska, asalinta ya ƙi, ko ya sani ko bai sani ba.

Doka kuwa ta yi magana. Kundin dokokin ƙwadago na Nijar, doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, a sashe na 5, ya hana mai ɗaukar aiki ya yi la'akari da asalin mutum, launin fatarsa, addininsa, naƙasa, cutar sida ko sikila wajen ɗauka, rabon aiki, ƙarin girma ko sallama. Ba a ambaci aska da sunanta ba, amma ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane cewa askar gado shaidar asali ce. Abin takaici, wannan al'ada tana raguwa a birni, ta fi saura ga ƴaƴan karkara. Ke nan idan aka tace masu neman aiki da hoton da ke manne a dosiye, waɗanda za su zube su ne ƴaƴan manoman Madarunfa, Mayahi da Tasawa, waɗanda suka fi kowa shan wahala kafin su kai ga takardar digiri a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo.

Lalle kuma wani abu ne daban, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure ta fuska biyu. Jan lalle na gaskiya garin ganye ne, kore, mai ƙanshin ganye. Ana kwaɓa shi a bar shi ya tsumu, a ƙunsa, ya ɗauki awanni a fata kafin ya kama. Idan aka cire sai a ga launin ruwan lemo, bayan kwana biyu ya nuna ya yi ja mai duhu. Rini ne da ke kama matacciyar fatar sama, shi ya sa yake gogewa cikin mako ɗaya zuwa uku, a farce kuma ya zauna har farcen ya fita, wata huɗu zuwa shida, tunda farcen hannu kamar milimita 3 yake tsiro a wata. Bayan an wanke ƙunshin babu wani abu da ya saura a kan fata da zai tare ruwa, ko sabulu, ko alkol ɗin wanke hannu. Ungozoma ko mai dafa abinci da ta yi jan lalle ba ta da wata matsalar tsabta. Abin da ke ɓoye ƙwayar cuta shi ne dogon farce, farcen roba, jan farce da ya fara ɓarewa, zobe da awarwaro. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan a fili take: farce gajere ƙasa da rabin santimita, babu farcen roba ga mai taɓa majinyaci, murza alkol daƙiƙa 20 zuwa 30, wanki da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60. Sai ka tarar an yi wa ma'aikaciya faɗa a kan lalle, an ƙyale mai zobe uku.

Wanda ya kamata ku sa wa ido shi ne baƙin lalle, dayis. Wannan ba ganye ba ne. Akasarinsa rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, shi ya sa yake yin baƙi wuluk cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Ko a Turai, inda aka yarda a sa wannan sinadari kaɗan cikin rinin gashi, ba a yarda a zana shi a fata ba. Ga wadda jikinta bai karɓe shi ba, ba ranar biki abin ke fitowa ba. Sai bayan kwana huɗu zuwa mako biyu, lokacin da amarya ta koma bakin aiki, fata ta fara ƙaiƙayi, ta yi ja, ta kumbura, ƙuraje masu ruwa su fito suna bin zanen furen nan layi-layi, kamar an sake zana shi da wuta. Idan suka fashe hannun ya zama buɗaɗɗen ciwo, kuma bayan ya warke yakan bar shatin zanen, fari ko baƙi, na tsawon watanni. Wadda abin ya taɓa kamawa sau ɗaya, jikinta ya riƙe shi har abada: karo na biyu cikin kwana ɗaya ko biyu zai tashi, kuma ko rinin gashi ta shafa zai iya kumbura mata fuska. Irin wannan hannu bai kamata ya taɓa abinci ko ciwon majinyaci ba sai ya warke. Hutun jinya take buƙata, ko a sauya mata aiki na ɗan lokaci. Ba laifin da'a ta yi ba.

Yanzu sai zanen allura, wanda matasa ke ce wa tatu, wanda mun san shi ne ya fi tsaya muku a rai. Ba za mu ɓoye ba, mu ma ba mu ba kowa shawarar ya yi shi. Hadisin da ya la'anci mai yi da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim, kuma kowa a garin nan ya sha jin sa a wa'azi. Amma wanda ke tsaye gabanku da dosiyensa ba izinin yi yake nema ba, ya riga ya yi. Da yawa sun yi shi ne suna da ƙuruciya, wasu a wajen ci-rani, a Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan, wasu a zaure da allurar ɗinki da tawadar biro. Malamai da dama sun bayyana cewa wanda ya tuba, idan cirewar za ta cutar da shi, ba a tilasta masa, kuma alwalarsa ta yi tunda tawadar a ƙarƙashin fata take, ba ta tare ruwa. Fatawa ta malamai ce, mun bar musu. Namu shi ne mu gaya muku abin da ke faruwa a cikin fatar.

Fata hawa-hawa ce. Ta sama tana sabunta kanta kusan kowane wata, shi ya sa lalle ke gogewa. Allurar tatu tana wuce wannan, ta ajiye tawada a hawa na biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2. Can ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye ɗigon tawadar su riƙe, idan sun mutu wasu su sake haɗiyewa. Saboda haka babu sabulu, babu mai, babu man bilicin da zai kai wurin. Duk abin da zai cire tawada daga waje, sai ya cinye fatar da ke samanta tukuna.

A nan ne dokarku da ba a rubuta ba take yin ɓarna. Saurayi ya je ganawar neman aiki sau biyu, sau uku, ya lura idon mai tambaya na komawa kan damtsensa ko bayan hannunsa. Ba wanda ya ce masa ya rufe da riga ya isa. Sai ya koma gida ya yanke wa kansa hukunci. Abubuwan da ake amfani da su sanannu ne: ruwan batir, sodar yin sabulu, ruwan jabel, dutsen guga mai zafi, ƙusa ko cokali da aka gasa, reza, ko a dinga gurzawa da gishiri har jini ya fito. Sodar ta fi kowanne mugunta, domin ba ta tsayawa a inda aka sa ta, narkar da nama take yi tana ci gaba da nutsewa ko bayan an share. Abin da ke isowa ɗakin wankin ciwo shi ne rami mai faɗin tafin hannu, bakinsa ya yi fari, tsakiyarsa ta yi toka-toka tana ruwa, ana jin warinsa kafin a kwance tsumman, kuma sau da yawa ana hango sauran tawadar a ƙasan ramin, ba ta tafi ko'ina ba. Ƙuna mai zurfi haka tana ɗaukar makonni ana wanki, wani lokaci sai an yi dashen fata. Idan a kan gaɓa take, wuyan hannu ko yatsa, tabon yakan janye ya hana gaɓar miƙewa. Fatarmu ta baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu, wanda ke tsiro ya wuce iyakar ciwon, ya yi tauri, ya yi ta ƙaiƙayi, musamman a ƙirji, kafaɗa, wuya da kunne. Idan aka yanke shi haka kawai yakan dawo ya fi da. Yaron da ya so ɓoye haruffa uku sai ya ƙare da tabon da ake hangowa daga nesa, ga makonnin da ya yi ba aiki, ga kuɗin magani a kan iyayensa. Wanda irin wannan tsautsayi ya samu, taimakon farko shi ne a cire tufafin da sinadarin ya taɓa, a kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, kada a shafa man ja, ko man goge haƙori, ko toka, a kai shi asibiti a duba har da allurar tetanos.

Akwai wanda zai ce ai ana cirewa da na'urar leza. Gaskiya ne, amma ku san nauyin abin kafin ku sa shi sharaɗi. Na'urar tana farfasa ɗigon tawada ne, jiki ya kwashe a hankali. Ba zama ɗaya ba ne. Yawanci shida zuwa goma ne ko fiye, kuma tsakanin kowane zama da na gaba sai an bar mako shida zuwa takwas, wato daga kamar wata bakwai zuwa fiye da shekara ɗaya. Baƙar tawada ta fi saurin tafiya, kore da rawaya suna da taurin kai. Hasken ba ya bambanta tawada da baƙin fatar mutum sosai, don haka ga irin fatarmu nau'in na'urar da ake kira Nd:YAG 1064 ne ya fi aminci. Idan aka yi da wanda bai dace ba, ko aka ƙara ƙarfi don a gama da wuri, sai wurin ya ƙone ko ya yi fari kamar ɗan tabon ƙuna. Aiki ne na likitan fata, mai tsada, ga kuɗin mota da masauki ga wanda sai ya yi tafiya. Ce wa mai neman aikin gadi ko na sito ya je ya cire ya dawo, daidai yake da ce masa kada ya dawo.

Tsohon tatu da ya warke ba ya ɗauke da cuta, ba ya yaɗa komai, fata ce rufaffiya kamar kowace. Sabo ne ke da hatsari, domin ciwo ne buɗaɗɗe na mako biyu zuwa huɗu. A wannan lokaci mai aikin abinci ko na jinya ya rufe shi da bandeji mai hana ruwa, ko a ba shi aikin da ba taɓa jama'a. Ja da ke bazuwa, zafi, mugunya ko zazzaɓi alama ce ta a tafi asibiti ranar. Hatsari na biyu na mai zanen ne kansa, idan an yi masa da allurar da aka yi wa wani. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a kan ƙarfe, kuma goge allura da alkol ko tsoma ta a ruwan zafi ba ya isa. Wannan gargaɗi ya shafi askar wanzami da ke cikin zabira kamar yadda ya shafi allurar mai tatu, shi ya sa wanzaman cikinmu ke cewa reza ɗaya, mutum ɗaya. Abin da za ku iya yi mai amfani shi ne ku sauƙaƙa wa duk ma'aikatanku gwajin son rai da rigakafin ciwon hanta, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida. Amma kada a ware mai zane shi kaɗai a ce sai ya kawo sakamakon gwajin sida kafin a ɗauke shi. Sashe na 5 ɗin nan ya rufe wannan ƙofa.

Ba mu ce ba ku da haƙƙin tsara yadda ma'aikacinku zai bayyana gaban abokan ciniki ba. Kuna da shi. Banki ko makarantar yara na iya cewa zanen allura ya kasance a rufe lokacin aiki. Zanen da ke ɗauke da zagi, tsiraici, cin mutuncin addini ko wata ƙabila, kowa zai goyi bayanku ku ce a rufe shi ko ina mutum yake aiki. Abin da muke nema shi ne wannan ya shiga rubutacciyar dokar cikin gida, wadda dama ake nuna wa wakilan ma'aikata a kuma kai wa sufeton ƙwadago. A rubuta ta da Faransanci da Hausa, a manna inda kowa zai gani. Layin farko ya fitar da askar gado, jarfa, tabon magani da jan lalle daga cikin maganar gaba ɗaya. Sannan a faɗi waɗanne kujeru ne dokar rufewa ta shafa, da sunansu. Mai zama a tagar biyan kuɗi daban, direba da makanike da mai lissafi a ofishin ciki daban. A faɗi da me za a rufe, kuma idan rigar aiki ce, kamfani ya ɗinka.

Rufewar ma tana da nata ƙa'idoji, kuma ana yawan kuskure a nan. Dogon hannu na yadin auduga mara nauyi ya wadatar a ofis. Yadin roba a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ƙurajen zufa kawai zai jawo. Hoda da man rufe tabo suna narkewa kafin azahar su ɓata takardu da kwalar riga. Filasta a kan lafiyayyar fata kullum tana sa ƙaiƙayi, zufa ta taru a ƙarƙashinta. A ɗakin jinya da kicin kuwa dokar rufewa juyewa take: dogon hannun riga yana hana wanke hannu zuwa gwiwa, yana kuma shafo datti daga gado zuwa gado. Asibitin da ya sa malamin jinya ya sa dogon hannu don ɓoye zane ya sayi kyan gani da lafiyar majinyaci. Haka mai aiki kusa da injin niƙa ko injin tatsar man gyaɗa, hannun riga mai lilo shi inji ke fara kamawa. A irin waɗannan wurare a bar damtse a buɗe, da zane ko ba zane.

Wanda zanensa ke a wuya ko bayan hannu, inda riga ba ta kaiwa, a zauna da shi a duba ko akwai kujerar da ta dace da shi. Kuma a sanar da dokar tun a takardar tallan aiki, kafin mutum ya kashe kuɗin hoto, tambari da takardar shaidar rashin laifi. Idan an ƙi ɗaukar mutum, a gaya masa dalili. In zanen ne, a faɗa masa a fili cewa rufewa ta isa, kada ya taɓa fatarsa da komai. Wannan jimla ɗaya daga bakin mai ɗaukar aiki ta fi duk nasihar da za mu yi masa bayan ya riga ya zuba soda. Ma'aikacin da kuka ɗauka da zanensa tun farko kuwa, sabuwar doka ba ta zama hujjar sallamarsa ba. A ba shi wa'adi da rigar da zai sa.

Ranka ya daɗe sufeton ƙwadago, kai ne dokokin cikin gida ke ratsawa ta teburinka. Muna roƙo duk inda ka ga an rubuta cewa ma'aikaci ya kasance mai kamala ko mai kyan gani, ba tare da an fayyace ba, ka mayar da takardar a fayyace: wane zane, a wace kujera, a rufe da me. Muna kuma roƙon ofishinka ya sanar ta gidajen rediyon garin nan, da Hausa, cewa wanda aka mayar saboda askar fuskarsa yana da inda zai kai kuka, a faɗi ranakun da ake karɓar jama'a da takardun da zai riƙo. Mu kuma a shirye muke mu zo duk ma'aikatar da ta gayyace mu, mu zauna da mai kula da ma'aikata na awa ɗaya, mu nuna masa bambancin jan lalle da dayis, da sabon zane da warkakke, kafin ya ɗauki biro.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu ma'aikatan jinya, wanzamai, masu ƙunshi da jami'an kula da ma'aikata, a birnin Maraɗi.